Injin Aro a Bakin Kududdufi

Lambun mahaifina yana bayan gari, tafiyar rabin sa'a a ƙasa daga gidanmu na unguwar Hausari a Potiskum. Ruwansa duka daga wani kududdufi yake fitowa, wanda aka daɗe ana ɗibar ƙasar gini a cikinsa har ya yi faɗi ya yi zurfi. Damina takan cika shi, rani ya yi ta shan sa, abin da muka samu a tsakani shi muke ba albasa da tumatir da yalo. Tun kafin a haife ni Baba yake ban ruwa da jigo, wato doguwar sanda a kan gwafa, curin laka a gindinta, masaki rataye da igiya a bakinta. Ya sunkuyar da masakin ya cika, nauyin lakar ya ɗago shi, ya juye a hanyar ruwa. Haka kullum, daga hantsi har rana ta take.

Shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi, Baturen gona ya zo da injin ban ruwa a bayan mota. Yana son ya gwada shi rani ɗaya. Ya zaɓi lambunmu saboda ɓangarenmu na kududdufin ya fi zurfi, kuma saboda ni. Na gama makarantar Midil, ina iya karanta takardar da ta zo da injin. Shekarata ashirin da uku a lokacin, na yi aure, ina taya Baba aikin lambu ba da son raina ba.

Baturen yana jin Hausa, sai dai yana jan kowace kalma kamar yana auna ta. Masu lambun da ke kewaye da kududdufin duk sun taru, a gabansu ya yi magana.

"Inji ɗaya ne a ƙasar nan duka," in ji shi. "Idan ya gama rani lafiya, baɗi za a kawo wasu a raba muku. Idan ya mutu, magana ta ƙare."

Babu wanda ya dube shi lokacin da ya faɗi haka. Ni suka duba.

Ya buɗe famfon da injin yake juyawa, ya nuna mini cikinsa. Akwai wata fata mai kama da ƙaramin ƙoƙo, tana kai da komowa a cikin kwaroron ƙarfe mai santsi, ita ke jawo ruwa. Ya ce abu biyu ke kashe shi. Idan bakin mesa ya zuƙi iska, fatar za ta ƙone cikin 'yan mintoci, don ruwa ne ke sanyaya ta. Idan ya zuƙi laka, yashin da ke ciki zai karce kwaroron, shi kuwa ba a gyara shi a Potiskum, ba a gyara shi a Kano, sai an aika ƙasarsu ta jirgin ruwa.

Muka haƙa rami a cikin kududdufin kusa da gaɓarmu, ni da maƙwabta, har ruwa ya kai mini ƙirji. Nan muka saukar da bakin mesa da rariyarsa ta ƙarfe. Can gefe kaɗan, inda ƙasa ke da tauri, Baturen ya sa aka kafa sanda, ya shafa mata jan fenti a wuri ɗaya.

"Kullum ka duba sandar nan kafin ka tayar," in ji shi. "Ranar da ruwa ya sauka ƙasa da jan nan, kada ka taɓa injin, ko da albasa tana kuka."

Baba bai yi gardama ba, bai kuma yi murna ba. Ya ce shi dai ba zai taɓa injin ba, kuma bai taɓa ba. Yana kiran sa baƙona, ni kuma ya raɗa mini Malam Direba, har sunan ya bi ni unguwa. Da safe idan ya iske ni ina zuba mai, sai ya ce, "Malam Direba, baƙon naka ya karya kumallo?" Sau ɗaya na ce mu cire jigon, tunda ya tare hanyar mesa kuma aikinsa ya ƙare. Ya ce, "Bar shi. Ba ya cin mai."

Wata uku abin ya tafi daidai. Aikin da Baba yake yi daga hantsi zuwa azahar, injin yakan gama shi kafin a sha fura. Maƙwabta sukan tsaya a bakin shinge su yi ta kallon ruwa yana fita daga mesa kamar cinyar mutum. Wani Bakarkare, ɗan wata ƙabila ta yankinmu, da lambunsa ke jikin namu, mutum mai ba'a, kullum sai ya ce mini, "Direba, ka riƙe mana shi da kyau, nawa na baɗi yana cikin cikinsa."

Da bazara ta kama sai sandar ta fara ba ni tsoro. Da farko ruwa yakan sauka yatsa ɗaya a kwana biyu, daga baya ya koma kusan yatsa ɗaya kullum. Na daina ban ruwan yamma. Na bar fangalin yalo ya bushe. Na bi hanyoyin ruwa na liƙe duk inda yake yoyo da yumɓu, na baza ciyawa a kan fangalin albasa don rana ta rage shan danshi. Da haka na dawo da shi yatsa ɗaya a kwana uku. Albasa tana bukatar kamar kwana goma sha biyu kafin a daina ba ta ruwa, tsakanin ruwa da jan fenti kuwa saura yatsa huɗu. Zai kai mu, amma da ƙyar, kuma sai idan babu abin da ya gitta.

Ranar jajiberin kasuwar shanu, bayan azahar, na ji ƙugin dabbobi daga wajen hanyar Damagum. Kafin in fito daga rumfar injin, na gaba sun iso bakin shinge. Shanu ne kamar sittin, haƙarƙarinsu a waje, bakinsu duk kumfa. Wani dattijo Bafillatani yana gaba da sandarsa a kafaɗa. Na san shi, yakan tsaya su gaisa da Baba duk shekara.

Na tsaya a kan gangaren da ake sauka ruwa na buɗe hannuwa.

"Baffa, ka yi haƙuri," na ce. "Bana ba hali."

Ya dube ni, ya dubi ruwan. "Ɗana, rijiyoyin hanya duk sun koma taɓo. Tun jiya da safe ba su sha ba."

"Ku zagaya ta can ƙetare."

"Can ai sai su nutse. Ka fi ni sani."

Gaskiya ya faɗa. Ɗaya gefen ya zama laka mai tsagewa a sama, ƙarƙashinta kuwa tana haɗiye saniya har ciki. Gangarenmu ne kaɗai mai tauri. Shanun sun riga sun shaƙi ruwa, suna turo juna, wani bijimi ya kawo hancinsa har ƙirjina. Ban matsa ba. Na fara yi wa dattijon bayanin sanda da jan fenti, da maganar Bature, yana saurare da ladabi kamar ina karanta masa wasiƙar wani.

Sai na ji muryar Baba a bayana. "Matsa."

"Baba, yatsa huɗu ya rage."

"Na ji. Matsa."

"Injin nan ba namu ba ne. Na mutane ne."

"Ruwan kuma naka ne?" Bai ɗaga murya ba. "A gabana ba a taɓa korar dabba daga bakin ruwan nan ba. Ba a kaina za a fara ba."

Haka abin yake a wajenmu. Mutum yana iya hana ka ciyawar gonarsa, yana iya kai ka ƙara a kan ɓarna, amma dabbar da ta biyo hanya da ƙishirwa ba a hana ta ruwa. Wanda ya yi, har jikokinsa sai an yi musu gori. Na sani sarai. Na matsa.

Abin da na iya yi shi ne na tsaya a kan mesar da sanda ina kore duk wadda ta nufo ta, dattijon yana taya ni da Fulatanci. Mesar ta tsira, ko kofato ɗaya bai hau ta ba. Amma shanu ba sa sha daga baki su koma. Sun shiga har gwiwa, suna kutsawa, suna juyawa, na baya suna ture na gaba. Da suka fita, kududdufin ya koma kamar kunu. Na duba sanda. Yatsa biyu sun tafi.

Dattijon ya yi wa Baba godiya mai tsawo. Ni ya ce mini, "Allah ya huci zuciyarka, ɗana." Ban amsa ba, abin da har yau nake jin kunyarsa.

Washegari ban tayar da inji ba, don ko makaho ya san ruwan bai yi ba. Baba ya ce a ba ruwan kwana uku ya kwanta. Rana ta biyu da safe na iske saman ruwan ya kwanta, har ana ganin inuwar jigo a ciki. Sanda ta nuna yatsa ɗaya da rabi a saman ja. Albasa kuwa bakin ganyenta ya fara rawaya, wasu sun kwanta. Na ɗauko ƙarfen murza inji.

Baba yana cire ciyawa a fangalin da ke kusa. Ya ce, "Sama ne ya kwanta. Shiga ka taka ramin nan ka ji."

"Idan na shiga zan sake dama shi."

"To ka bari sai gobe."

"Sanda aka ce in duba, Baba. Ga ta can, ba ta kai ja ba."

"Sandarka tana kan tsandauri. Mesarka tana cikin rami."

Na ji maganar, amma ban auna ta ba. Ina da haushin shanu a raina, kuma ba na son mutumin da ya ƙi taɓa inji ya koya mini inji. Na murza. Ya kama a juyi na biyu, ruwa ya fito fari tas. Na dubi Baba, bai ɗago kai ba. Na ɗauki fartanya na tafi can ƙarshen lambu in buɗe wa fangalin nesa hanya, taku ɗari da hamsin ko fiye daga rumfar.

Ban fi minti goma ina aiki ba na ga ruwan da ke wucewa tsakanin ƙafafuna ya sauya. Ya yi ƙasa-ƙasa, sannan ya yi kauri. Sai ya fara zuwa yana yankewa. Na tsaya. Ƙarar injin, wadda na sani kamar numfashina, ta yi nauyi, tana ja kamar jaki a kan tudu.

Na yar da fartanya na sheƙa. Hanya ta zagaya ta bakin shinge, ban bi ta ba, na ratsa ta cikin albasa ina taka ta. Daga nesa na hango Baba tsaye a gaban injin, hannuwansa a buɗe, yana duba nan yana duba can.

"Ina ake kashe shi?" ya yi ihu.

"Ƙarfen hagu! Ja shi ƙasa!"

Bai ji ba, ƙarar ta cika masa kunne. Na sake faɗa, ƙafata ta zame a cikin hanyar ruwa, na faɗi da gwiwa. Da na tashi, ya riga ya bar injin. Na gan shi a gindin jigo, ya zaro wuƙar lambu ya yanke igiyar masaki, ya rungume masakin ya faɗa ruwa da rigarsa.

Na jira in ga ya nutse zuwa ƙirji, don daidai ramin ya nufa. Bai nutse ba. Ruwan ya tsaya masa a cinya. Ramin da muka haƙa babu shi, shanu sun ture lakar gaɓa ta cika shi, bakin mesa yana binne a ciki. Sandar tana auna saukar ruwa daga sama, ba ta san ƙasa ta taso ba.

Baba ya sunkuya har haɓarsa ta taɓa ruwa, yana lalube. Ya ja, bai fito ba. Ya sake ja da duk ƙarfinsa. A lokacin abin da nake tsoro shi ne ya fizgo bakin sama ya zuƙi iska, don duk wanda ya ciro abu daga laka ɗaga shi yake yi. Bai ɗaga ba. Ya nutsar da masakin, ya tura shi ƙarƙashin rariyar, ya riƙe su tare a cikin ɗan ruwan da ya rage tsakanin laka da sama, wanda bai fi taƙi biyu ba. Mesar tana fizgar sa kamar mai rai, shi kuwa ya kafe ƙafa.

Na iso rumfa na ja ƙarfen. Injin ya yi bugu uku ya tsaya.

Wurin ya yi tsit. Wari yana tashi daga famfon, irin na fatar da ta kusanci wuta. Na ɗora hannu a jikinsa na janye.

"A saki?" in ji Baba daga cikin ruwa.

"A saki."

Ya fito yana ɗiga. A damtsensa na dama akwai da'ira ja inda rariyar ta kama shi ta zuƙa, gefenta ya yanke shi, jini yana bin laka. Ya duba wurin ya ce, "Baƙon naka yana cizo." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai da ƙarfen ya huce na kwance famfon. Kafin nan maƙwabta sun taru, don kowa ya ji ƙarar ta sauya. Bakarkaren ya matso ya tambaya a hankali.

"Direba, nawa na baɗi yana numfashi?"

"Ban sani ba tukuna."

Na kwashe laka daga ciki da hannu, na wanke da ruwan tulu. Gefe ɗaya na fatar ya yi baƙi ya ƙandare, amma ba ta tsage ba. Na zura yatsa a cikin kwaroron ina shafawa. Ban iya bambance karce da santsi ba. Na yi sau uku. Sannan na juya na ce, "Baba, zo ka ji mini."

Wannan ne karo na farko da zai sa hannu a jikin injin. Ya goge yatsa a wando, ya zura, ya rufe ido, ya zagaya a hankali kamar mai duba tukunya kafin ya saya.

"Akwai ɗaya," in ji shi. "Ba zurfi. Farce ba ya kamawa."

Ko hakan ya isa ya hana shi jan ruwa, babu wanda ya sani a cikinmu, takardar ma ba ta faɗa ba. Baba ya tafi da fatar gida ya jiƙa ta a man shanu, yadda ake yi wa gugan fata idan ya bushe.

Kwana uku muka koma jigo. Ya ƙulla wa masaki sabuwar igiya, muna karɓa-karɓa, shi da hannu ɗaure da tsumma. A ranar farko na gane abin da yake nufi. Idan masaki ya taɓa laka, kafin ido ya gani kafaɗa ta ji, don nauyinsa yana sauyawa. Shekara talatin da wani abu yana jin ƙasan kududdufin nan a jikinsa. Ba mu iya kai ruwa fangalin nesa ba, waɗanda na tattake da na bayansu duk suka tafi.

A cikin kwanakin maƙwabta suka taya ni yashe ramin, muka kafa masa kara da zana a kewaye don laka ta daina zubowa. Da muka zo saukar da mesa, Baba ya ce kada a ajiye ta a ƙasa. Ya ɗaure bakinta a cikin masakin, ya rataye shi a igiyar jigo, ya danne gindin sandar da dutse, har masakin ya tsaya taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, nesa da laka, nesa da iska.

"Kullum ka sassauta igiya gwargwadon abin da ruwa ya sauka," in ji shi. "Kuma ka shiga ka taka."

Rana ta huɗu na mayar da fatar, ta yi laushi sai gefen nan mai baƙi. Na ɗaure komai, na cika famfon da ruwa, na yi bismillah na murza. Injin ya kama. Bakin mesar fita a bushe. Hannuna yana kan ƙarfen hagu, ina ƙirgawa a zuciya, na yanke cewa idan na kai talatin zan kashe. Goma. Goma sha biyar. Mesar ta yi tari. Ashirin. Ta sake tari, ta tofar da laka, sai ruwa ya biyo baya, da farko siriri, sannan ya cika baki.

Bakarkaren ya jefa hularsa sama, ta faɗa cikin hanyar ruwa, aka yi ta dariya. Ni ban yi ba, ina sauraren ƙarar. Akwai wani ɗan huci da babu shi a da, ruwan kuma ya ɗan rage ƙarfi. Amma yana ja.

Baba ya matso ya yi magana a kunnena. "Nuna mini inda ake kashe shi."

Na nuna masa. Ya ja ƙarfen da kansa, injin ya tsaya, ya gyaɗa kai. Bai tambayi yadda ake tayarwa ba, har ya rasu bai tambaya ba.

Mun daina ba albasa ruwa ranar da kududdufi ya taɓa jan fenti. Bayan mako guda Baturen gona ya zo ɗaukar injinsa. Ya sa na tayar, ya saurara, ya karkata kai. Kafin ya tambaya na gaya masa duka, da shanun, da sandar, da abin da Baba ya ce na ƙi ji. Ya buɗe famfon ya shafa kwaroron, ya daɗe yatsarsa tana kan wuri ɗaya. Masu lambu suna tsaye a bakin shinge, babu mai motsi.

"Zai yi wani rani," in ji shi. Ya rufe. Sannan ya je gindin jigo ya tsaya yana duban masakin da ke rataye da mesa a ciki. Ya tambayi wanda ya yi wannan, na nuna Baba. Ya fito da littafinsa ya zana jigon da igiyar da masakin. Ya ce waɗanda za a ba inji baɗi dole su ga wannan, don haka a sa masakin a mota tare da mesa.

Baba ya kwance shi, ya zubar da ruwan ciki, ya kife shi a hammata.

"Gaya masa inji nasa ne, masaki nawa," in ji shi, ko da yake Baturen yana jin sa. "Wanda aka ba baɗi ya zo in nuna masa ɗauri, amma ya taho da nasa masakin."